Audugar Rimi da Numfashin Talatu

Abin da ke cikin wannan rubutu ya fito ne daga wurare uku, kuma ya kamata in bayyana su tun farko. Na ɗaya shi ne bakin Gwaggo Rabi, yayar mahaifina, wadda ta haura shekara arba'in tana ɗinka katifa da matashi na audugar rimi a Ƙaraye. Na zauna da ita sau huɗu bayan kaka, na ɗauki maganarta a waya da izininta. Na biyu shi ne abin da na gani da idona, domin a gidanta na tashi, kuma na yi wannan aiki tare da ita har lokacin da na tafi jami'a. Na uku shi ne bayanin wata likitar mata da na tambaya a Kano. Likitar ba ta taɓa ganin matar da za a yi magana a kanta ba, kuma ta roƙe ni in faɗi hakan a fili.

Ba ni da tabbacin shekaru. Gwaggo ba ta ƙidaya su da lamba, sai dai ta ce "shekarar da ruwa ya riga mu" ko "kafin a sare rimin Tudun Kaya". Inda tunawata ta saɓa da tata, na rubuta duka biyun. Babu takardar asibiti ko ɗaya a hannuna. Saboda haka duk inda na ambaci sunan ciwo, zato ne, ba hukunci ba.

Aikin farko da aka ba Gwaggo a wannan sana'a shi ne tsince 'ya'yan rimi daga cikin auduga, kuma ta ce damina biyu ta wuce kafin tsohuwar da ta koya mata ta bar ta ta taɓa basilla, wato babbar allurar da ake huda katifa da ita. Da na gaya mata cewa ƙawayena suna ganin aikin ba shi da wuya, sai ta ajiye zaren da ke hannunta.

"Ku 'yan boko gani kuke cusa auduga ce a buhu a ɗinke baki," in ji ta. "To, ku je ku cusa. Kwana uku mai ita za ta dawo muku da wuya a karkace, tana tambayar laifin da ta yi muku."

Ga yadda aikin yake. Da bazara, idan kwanson rimi ya bushe ya fara tsagewa, maza suna kakkaɓo shi da dogon gora, a kawo mana a buhuna daga Turawa da Kafin Dafga da Tudun Kaya. A fasa kwanson, a baza audugar a ɗakin da aka rufe tagoginsa, domin audugar rimi ba ta da nauyi, iska kaɗan ta isa ta raba ta ga maƙwabta. Sai a ɗaure hanci da gyale, a ɗauki tsumagiya biyu a yi ta bugu har 'ya'yan su zube ƙasa, audugar ta tashi ta yi laushi. Ba a shiga ɗakin da ashana ko fitila, ba a hura wuta kusa da shi. Wajen cusawa, kusurwa ake fara cikawa da sanda, sannan gefe, tsakiya ce ta ƙarshe. Ba da tafin hannu ake gwada matashi ba, da gwiwar hannu ake dannawa, domin ita ce ta fi kusa da nauyin kai.

Masu sayayya iri-iri ne. Gidajen dagatai da ma'aikatan hakimi suna son tumtum mai tauri na jingina. Manoma suna kawo tsofaffin katifu bayan an sayar da gyaɗa, a farke, a sake bugun audugar, a ƙara sabuwa. A wannan sabuntawa ne Gwaggo ta koyi abin da take kira karatun matashi. Tana duba inda ya lotsa ta gane mai shi a rigingine yake kwana ko a gefe, ta duba tabon gumi ta ce wannan ya yi zazzaɓi bana. Ba na da'awar cewa kullum tana yin daidai. Amma sau da yawa na ga mai kaya ta rufe baki don mamaki.

Matashin da ya fi ba ta wahalar karantawa na Talatu ne. Talatu 'yar kawun Gwaggo ce, wato taubashiyarta, tana aure a wani ƙauye kusa da Rogo. Gwaggo ta girme ta da kusan shekara goma. Tsakanin taubasai, kamar yadda kowa ya sani a nan, zolaya hakki ce, kuma ba a fushi da ita. Kowacce tana cewa ɗayar baiwarta ce. Talatu takan zo ranar kasuwa, tun daga zaure muke jin muryarta.

"Salamu alaikum. Ina baiwar tawa? Ta fito ta karɓi kayan uwargijiyarta."

"Wa alaikumus salam. Ai na ji ƙasa tana motsi, na ce ko motar gyaɗa ce ta shigo lungu, ko Talatu."

"Ke kuwa a ɗaure ki da igiya, kada iska ta kwashe ki tare da audugar. Bana kin ci abinci kuwa?"

Sai bayan haka za su zauna su gaisa gaisuwa ta gaskiya, a tambayi kwana da gajiya da maigida da mutanen gari ɗaya bayan ɗaya.

Talatu mace ce mai jiki, kuma jikin ya ci gaba da ƙaruwa duk da cewa ba ta fi kowa ci ba. Tana da gashi a haɓa wanda take tsigewa, fatar bayan wuyanta kuma ta yi duhu kamar ba a cuɗa ta, alhali mace ce mai tsafta ƙwarai. Al'adarta takan ɗauke wata uku ko huɗu, a yi zaton ciki ne, sai ta dawo. Allah bai ba ta haihuwa ba. Gwaggo tana kiranta "Malam Talatu" saboda gashin haɓar, ita kuma ta ce ai gara mai gemu da mai ƙashin wuya a waje. Maganar haihuwa ce kaɗai ban taɓa jin ta shiga wasansu ba.

Matashin nata bai lotsa a tsakiya ba. Gefe ɗaya ne ya mutu, ya lanƙwashe kamar an ninka shi. Gwaggo ta juya shi sau da yawa, sannan ta ce wannan ba kai ne ya danne shi ba, baya ne. Mai shi a zaune take kwana, ta jingina da bango.

Ranar da Gwaggo ta ga dalili ina nan. Bayan azahar ne, an ci dambu, Talatu ta jingina da buhun auduga tana ba mu labarin wata akuyarta da ta shiga gonar maƙwabci. A tsakiyar magana barci ya ɗauke ta. Wannan ba sabon abu ba ne, an san ta da shi, har ana cewa ta taɓa yin barci tana ɓarar gyaɗa, kwanon ya kife. Sai minshari ya biyo baya, mai ƙarfi. Can sai ya yanke. Gwaggo tana ɗinke bakin wani matashi, ta ɗaga kai ba ta daina ɗinki ba. Ƙirjin Talatu yana ɗagawa yana sauka, amma babu iskar da ke shiga. Gwaggo ta ce ta ƙirga hudar allura goma sha huɗu kafin Talatu ta zabura ta ja numfashi da ƙara, kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Ba ta farka ba. Minsharin ya dawo, ya sake yankewa, ya sake dawowa.

Na yi ƙoƙarin auna tsawon wannan shiru. A zamanmu na biyu na sa Gwaggo ta yi huda goma sha huɗu ina duba agogon waya. Amma hannunta ya rage sauri yanzu, ita ma ta faɗa, don haka ban rubuta abin da agogon ya nuna ba.

Da Talatu ta farka, akwai mata uku a tsakar gidan da suka kawo aiki. Gwaggo ta ce, "Talatu, numfashinki tsayawa yake idan kina barci."

"To da ya tsaya, wa ya tura shi ya tashi? Ke?"

"Wallahi na ƙirga. Sai da na yi huda goma sha huɗu."

"Kun ji baiwar banza. Uwargijiyarta tana mutuwa, ita tana ɗinki."

Matan suka fashe da dariya, ni ma na yi. Gwaggo ma daga baya ta yi. Ta gaya mini cewa a nan ne ta fara yin kuskure, domin daga ranar maganar ta shiga cikin kayan wasansu. Duk zuwan Talatu sai ta ce, "Yau huda nawa na yi?"

A gidan mijinta sunan abin dannau. Sun san takan zabura cikin dare tana kama wuya, don haka aka yi mata turare, aka karɓo rubutu, aka canza mata ɗaki. Na tambayi mutane da dama abin da suke nufi da dannau, kusan duk suka ce mutum ne zai farka ya ji an danne shi, ya kasa motsi ko magana. Na Talatu ba haka yake ba, ita zabura take yi ta tashi zaune. Amma dannau suna ne da mace za ta iya faɗa a gaban mutane. Minshari kuwa abin kunya ne a ce mace tana yi, kuma ba wanda zai faɗa mata sai mai izinin zaginta. Mutum ɗaya ne yake jin barcinta kullum, shi ne maigidanta, Malam Habu. Na je na gaishe shi a bara, na yi tambayar da iyakar ladabin da na iya. Ya dubi ƙasa ya ce, "Allah ya jiƙanta, mace ce mai haƙuri." Ban ƙara ba. Namiji a wurinmu ba ya kwatanta barcin matarsa.

Talatu ta je asibiti ba sau ɗaya ba, amma neman haihuwa ne yake kai ta. Abin da ya faru a can daga bakinta Gwaggo ta ji, ni kuma daga bakin Gwaggo, saboda haka a ɗauke shi da wannan sharaɗi. An ba ta maganin daidaita al'ada, an ce ta rage jiki, daga baya aka ce tana da hawan jini. Wata ma'aikaciya ta taɓa tambayarta ko tana samun barci. Talatu ta ce, "Har ya yi mini yawa." Gaskiya ta faɗa, kuma da wannan amsa aka wuce zuwa tambaya ta gaba.

Matashin da Gwaggo ta ƙirƙira mata ya ci kwana tara, sau biyu tana farke shi. Ta lura cewa idan Talatu ta zame ta koma gefe, minsharin yana raguwa, idan ta koma rigingine sai ya tsananta. Sai ta yanka yadi mai kauri ta yi shi da gangara, ƙasa siriri, sama mai tudu, tsawonsa daga ƙugu zuwa kai. Ta raba cikinsa gida uku don kada audugar ta gangaro ta taru a ƙasa. Gidan ƙasa ta cusa shi da tauri kamar tumtum, na sama ta bar shi da laushi. A gefe ɗaya ta ɗinka wani dogon dunƙule da zai tokare baya, ya hana mai barci juyawa. Ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma ba ta sake yi wa kowa ba. Mai tudu muke kiransa.

Talatu ta dube shi ta ce, "Wannan kabari ne ko jirgin ruwa?"

"Mazaunin sarauta ne. Bayi ma Allah yana ɗaukaka su."

Wata biyu bayan haka Talatu ta aiko da ƙullin daddawa da saƙo cewa ciwon kan da take tashi da shi da safe ya ragu, kuma tana iya kaiwa la'asar ba ta yi gyangyaɗi ba. Kowace shekara takan kawo shi a sabunta.

Mummunar shekarar sana'ar ita ce wadda Gwaggo take kira shekarar da ruwa ya riga mu. Ruwan farko ya sauka da wuri, kwanson yana kan bishiya a tsage. Audugar da aka kawo ta jiƙe, ta yi baƙi, tana warin ruma. Mun shanya ta kwana da kwanaki, ba ta tashi ba. Audugar da ta sha ruwa ba ta komawa daidai, kuma idan aka cusa ta tari take sa mai kwana a kai. Gwaggo ta mayar da aikin mutane da yawa, wasu suka tafi kasuwa suka sayi katifar soso, ba su sake dawowa ba. A wannan shekarar ne kuma masu katako suka sare manyan rimin Tudun Kaya, waɗanda audugarsu ta fi kowace tsawon gashi. Abin da ya rage mana mai kyau buhu ɗaya ne da rabi na bara. Wani gidan sarauta ya aiko a yi tumtum biyu, Gwaggo ta ba da haƙuri, ta zuba audugar a mai tudu.

Da kanta ta kai shi. Ta ce lokacin da Talatu ta kawo shi ta sake yin barci a tsakar gida, kuma shirun ya fi na da tsawo, leɓunanta har sun canza launi. Saboda haka ta yi shawarar ta yi mata magana ba a matsayin taubashiya ba. Ta sa kayan fita unguwa, ta hau mota zuwa Rogo, ta ƙarasa a babur. Ta yi sallama, ta zauna a tabarma, ta gaisa ba tare da zolaya ko ɗaya ba. Sannan ta kira ta da sunanta na yanka, wanda rabon da a ji shi tun ranar ɗaurin aure.

"Hauwa'u, magana na zo da ita."

Talatu ta dube ta, ta dubi kayan jikinta, sai ta kwashe da dariya har da hawaye. "Yau kuma sabon salo aka zo da shi? Hauwa'u! Ku zo ku ga baiwata ta zama alƙali."

"Ba wasa nake ba. Ki sa Malam ya kai ki babban asibiti a Kano. Kada ki ce musu haihuwa, ki ce numfashi."

"In je gaban maza in ce ina minshari? Ke dai ba ki gaji da neman a yi mini dariya ba."

"Na rantse da Allah."

"Rantsuwar taubashi! Shekaranjiya ma kin rantse cewa na fi buhun masara nauyi."

Gwaggo ta ce ta rasa kalmar da za ta faɗa wadda ba ta taɓa faɗa da wasa ba. Duk rantsuwa ta riga ta ɓatar da ita a kan gemu da ƙiba. Da Talatu ta ga ba ta dariya, sai ta sassauta murya, ta dafa mai tudu ta ce, "Yaya Rabi, ai kin riga kin yi mini magani. Tun da na samu wannan nake tashi da kaina wasai. In ya ƙaru, bayan an cire gyaɗa sai a je." A iya sanin Gwaggo, wannan ne karo ɗaya da ta kira ta Yaya.

An cire gyaɗa, ba a je ba. Gwaggo ta ce damina biyu aka ƙara, ni ina ganin uku ne, domin ina shekarar farko a jami'a. Talatu ta yi sallar asuba, ta koma ta jingina, hantsi ya yi ba ta fito ba. An yi jana'izarta kafin azahar. Ba a yi wani bincike ba, kuma ba wanda ya nema.

Likitar da na tambaya ta saurari duk wannan, ta ce alamomin farko, wato rikicewar al'ada da gashin fuska da ƙiba da duhun wuya da jinkirin haihuwa, sun yi kama da wani ciwo na ma'ajiyar ƙwan mace da suke kira PCOS, wanda ke tattare da rikicewar sinadaran jiki. Ta ce matan da ke da shi sun fi sauran mata fuskantar toshewar hanyar iska a cikin barci, kuma sau da yawa ba a tambayarsu, domin haihuwa ce take kawo su, a kanta ake tsayawa. Toshewar tana da alaƙa da hawan jini da wahalar zuciya. Ana gane ta da gwajin da mutum zai kwana da na'urori a jikinsa, kuma akwai injin da ke tura iska ta hanci, ko da yake ba ko'ina ake samunsa ba. Game da matashi, ta ce ɗaga kai da kwanciya a gefe suna rage abin ga wasu, amma ba sa kawar da shi. Ta maimaita cewa ba za ta iya cewa wannan ne ciwon Talatu ba, balle ta ce shi ne ajalinta.

Yanzu Gwaggo ba ta yin katifa, sai matashi jifa-jifa, idan an samu auduga daga Kafin Dafga. Ɗakin bugu ya zama wurin ajiye masara. Na tambaye ta abin da ta fi kewa a sana'ar, ina zaton za ta ce rimin da aka sare. Ta ce, "Yanzu duk wanda ya shigo gidan nan durƙusawa yake. Gwaggo, Hajiya, Baba. Ba mai zagina ko ɗaya." Ta ɗauki basilla ta ci gaba da aiki.

A zamanmu na ƙarshe na karanta mata bayanin likitar da Hausa, a hankali. Ta sa na maimaita wurin da aka ce matashi yana ragewa amma ba ya kawarwa. Sannan ta ce in koma in yi wa likitar tambaya ɗaya, kuma in faɗe ta yadda ta faɗa, kada in gyara. Na kira likitar a waya na faɗa mata. Likitar ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta jin akwai wanda zai iya sani. Na kawo wa Gwaggo wannan amsa, ta ce to a rubuta tambayar a bar ta haka.

Mai tudu ya ƙara wa Talatu shekaru ne, ko kuwa sauƙin da ya ba ta shi ne ya hana ta zuwa asibiti?